Abotar da ke mutuwa ba tare da an ɓata ba

Masu cewa littattafan zane na yara ne, don Allah ku duba yadda suke nuna mutuwar abota tsakanin matasa. Ni dai ban ga wani salon ba da labari da ya kamo ƙafarsu a nan ba.

Idan aminai biyu suka daina tafiya tare, tambayar farko da manya ke yi ita ce "me ya haɗa ku?" Yarinya ta ce ba komai, a ce ɓoyewa take yi. Alhali sau da yawa gaskiyarta ta faɗa.

Irin wannan rabuwar Daniel Clowes, ɗan Amurka, ya zana a Ghost World, wanda ya fito a littafi guda a 1997. Enid da Rebecca sun gama sakandare, kullum suna tare, suna yawo a gari suna gulmar duk wanda suka gani. Sai Enid ta fara shirin tafiya kwaleji, Rebecca ta ji kamar za a bar ta a baya. Sukan yi cacar baki, amma ba ita ta raba su ba. Kowacce ce ta fara zama wata daban. Clowes bai tsaya yin bayani ba: dukan littafin da launi ɗaya ya shafe shi, shuɗi-shuɗi mai sanyi, hirarsu tana raguwa, har a ƙarshe Enid ta hango ƙawarta ta gilashi, ba ta shiga ba, ta wuce ta hau bas. Abin da ya fi taɓa ni shi ne bai ɗora wa kowacce laifi ba.

A Japan kuma, Yoshitoki Oima ta fara fitar da Koe no Katachi a 2013. A cikin wannan littafin zane, wani yaro mai suna Shoya ya addabi wata yarinya kurma a firamare, daga baya abokansa suka juya masa baya. Da ya shiga sakandare, sai mai zanen ta riƙa manna alamar X a fuskar mutanen da ya kasa ɗaga ido ya kalla. Aji cike da ɗalibai, duk fuskokin a toshe. Ranar da ya saki jiki da wani, sai alamar ta ɓalle ta faɗi.

Ga iyaye da malamai: Ghost World akwai ashar da zancen manya a ciki, ku fara karanta shi kafin ku miƙa wa yaro.