Lafiyar Bazazzagi daga unguwarsu take farawa, kafin a kai Shika

Duk lokacin da aka tashi maganar lafiya a Zariya sai ka ji ana lissafa asibitoci, ga asibitin koyarwa na ABU a Shika, ga na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga na Wusasa, ga cibiyar tarin fuka da kuturta a Saye. Gaskiya ne kam, garuruwa kaɗan ne a Arewa ke da abin da muke da shi. Amma ni a ganina wanda ke sa hannu a takardar fuloti da wanda ke yanke inda bututun ruwa zai bi sun fi likita tasiri a kan waye zai kwanta ciwo bana, shi likita ai sai an riga an kamu ake kai mishi.

Kuma wannan abu ba yau ya fara ba. Turawan mulkin mallaka da suka zo sun san da haka sarai. Dokar tsara garuruwa ta Lugard ta 1917 ita ta tabbatar da raba wajen zaman Turawa da na 'yan ƙasa, har aka riƙa barin fili na yadi 440 a tsakani ba gini, wai don kar sauro ya kwaso musu zazzaɓi daga wajenmu. Haka Zariya ta tashi kashi-kashi, Birni cikin ganuwa, Tudun Wada, Sabon Gari da ta taso da zuwan jirgin ƙasa, sai GRA mai manyan filaye da bishiyoyi da iska. Bature ya tafi tun 1960 amma rabon da ya yi bai tafi ba, masu gida kawai aka canza.

To yanzu shiga wani gidan haya a Tudun Wada ko Sabon Gari ko bayan Samaru ka gani da idonka. Ɗakuna a jere suna kallon juna, kowane ɗaki da iyali, taga guda ɗaya ƙarama ita ma an toshe ta da kwali saboda sauro da idon maƙwabta, kwano ba silin, masai ɗaya duk gidan ana bin layi da asuba da buta a hannu, ga murhun gawayi a bakin kowace ƙofa hayaƙi na komawa ciki inda jariri ke kwance. In Maris da Afrilu suka zo zafi ya sauko, mutum bakwai ko takwas a ɗaki ɗaya, ai sanƙarau da ƙyanda da tarin fuka irin wurin da suke so kenan. Waɗanda suka yi wayo a 1996 ba za su manta sanƙarau ɗin shekarar ba, wanda ya kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, akasari a nan Arewa.

Abin da ya fi damuna shi ne rijiya da masai. Ma'aikatan lafiya kan ce a bar tazarar kamar mita 30 tsakaninsu. To fulotin da muka saba, ƙafa 50 da 100, tsawonsa gaba ɗaya kusan mita 30 ɗin ne, sannan dillali ya raba shi biyu ya sayar 50 da 50 saboda shi ne daidai ƙarfin talaka. Ina za a samu tazarar? Ko kai ka yi ƙoƙari ka kai sokawe ɗinka can ƙurya, na maƙwabcinka yana jikin katangar da rijiyarka take. Damina na sauka ruwan ƙasa ya taso sai ka ji ana ta taifot da amai da gudawa, a ruga kemis a sa ƙarin ruwa, a ce iska ce ke yawo.

Maganin wannan ai famfo ne. An ba da kwangilar sabon aikin ruwan Zariya a 2008, sai 2017 aka ƙaddamar da tashar da aka ce za ta riƙa tace lita miliyan 150 a rana, amma har gobe 'yan ga-ruwa da kurarsu da jarkoki su ne hukumar ruwan unguwanni da yawa. Mai hali ya haƙa burtsatse ya sa sola ya huta, mara hali kuma ya sayi jarka kullum, in ka lissafa kuɗin wata sai ka tarar shi ya fi biya da tsada, kuma bai san daga ina aka ɗebo ba.

Na san za a ce ai laifin mutane ne, su suke gini kan hanyar ruwa, su suke cika kwata da leda. Eh akwai wannan, ba na wanke kowa. Amma tun dokar filaye ta 1978 ƙasar birni tana hannun gwamna ne, kuma muna da KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, da KADGIS mai kula da filaye da takardunsu. In gwamnati ba ta yanka filaye masu araha da titi da magudanar ruwa ba, dole mutum ya je wajen mai gona ya sayi awon igiya, lungu ko Keke Napep bai shiga balle motar asibiti in naƙuda ta zo cikin dare. Sai an gama gini an tare an haifi yara sannan a zo da jan fenti da katafila. Wanda aka rushe wa gida kuma ina ya nufa? Gidan ɗan'uwansa, ɗakin mutum biyar ya koma na goma.

Su kuma rukunin gidajen da ake yi ana yanka kyalle, da asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 ana cire wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashi, akasari mai albashi ne ke cin moriyarsu. Mai facin taya a Kwangila da mai koko a Gyallesu ba su cikin lissafin.

Da za a ji tawa, kafin a sake ɗora wani sabon gini a asibiti a fara kai bututu cikin lungunan Birni da Tudun Wada, a gina kwatoci har su kai inda za su zube, a dawo da duba-gari da ƙarfinsu irin na da amma ba don karɓar na goro ba, a hana ba da hayar ɗakin da ba shi da taga biyu, a ƙayyade yawan ɗakunan da za su haɗa masai ɗaya. Kuma ma'aikatar lafiya ta riƙa fitar da alƙaluman kwalara da tarin fuka unguwa-unguwa, don in an zo kasafin kuɗi kansila da ɗan majalisa su san lungun da za a fara.