Tuwon alkama ba magani ba ne

Tun da na sanya hoton farantin abincin da aka kawo wa kawuna mai ciwon suga a wani gidan abinci jiya da yamma wasu suke ta cewa na tsananta wa masu gidan abincin, saboda haka bari in faɗi matsayina a fili: abin da aka yi wa kawuna kuskure ne, kuma kuskure ne da ake maimaita shi kullum a gidajen abincin Katsina da sunan tausayi. Dattijo ya baro Daura tun da sassafe domin bin takardun fanshonsa, ya yi ta hawa da sauka a ofisoshi har la'asar ta gabato, ya zauna a gajiye ya shaida wa yarinyar da ke kawo abinci cewa yana da ciwon suga, sai ta ce masa, "Baba, kwantar da hankalinka, muna da na masu suga." Abin da ta dire masa malmala biyu ce ta tuwon alkama, kowace ta fi dunƙulen hannuna, da 'yar miyar da ba ta ko rufe gindin kwano ba, sannan ga kwalbar malt mai sanyi, wai don ya ƙara jini. Madalla da wannan babbar likita, Allah Ya ƙara ilimi.

Yarinyar ba ta da laifi, abin da aka koya mata ta faɗa. Laifin yana kan wanda ya rubuta a jikin allo cewa tuwon alkama abincin masu suga ne, ya kuma ɗora masa kuɗi fiye da na sauran tuwo. Tuwon alkama ba magani ba ne. Alkama hatsi ce kamar masara da shinkafa da dawa, mafi yawan abin da ke cikinta sitaci ne, kuma da zarar an niƙe ta ta yi laushi an tuƙa, jiki yana mayar da ita suga cikin ɗan lokaci. Na yarda cewa idan an niƙa ta da dusarta tana da ɗan fifiko, amma wannan fifikon ba ya tsira a gaban malmala biyu. Na'urar awon suga ba ta tambayar sunan hatsin da mutum ya ci, yawan abin da ya shiga ciki take nunawa. Likitoci suna so awon sugan jinin mai ciwon ya kasance ƙasa da 180 awa biyu bayan cin abinci, kuma na kawu, da muka auna a gidana bayan magariba, ya wuce nan nesa ba kusa ba.

Game da malt kuwa, ban san wanda ya fara yaɗa cewa ita ba lemo ba ce. Zaƙin da ake ji a cikinta suga ne, kamar yadda zaƙin zuma da na zoɓon leda da na kunun zaƙi duk suga ne. Gorar baƙin lemo ta rabin lita tana ɗauke da suga sama da giram 50, wato fiye da ƙaramin cokali 12, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa ko mai cikakkiyar lafiya kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, kuma ya fi kyau ya tsaya a 25. Ruwa shi ne abin shan mai wannan ciwo a gidan abinci, kuma shi ne mafi araha a kan teburin.

Wani ya rubuto yana tambaya, to me ake so bawan Allah ya ci, iska? Wannan tambayar ta fi komai ba ni dariya, domin daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Ƙwaya babu kwanar da mutum zai sha bai ga abin da ya fi wancan farantin dacewa da shi ba, kuma da ƙaramin kuɗi. Akwai alala, akwai ƙosai, dukansu wake ne, kuma wake yana tafiya a hankali a cikin jiki, yana riƙe ciki ba tare da ya cilla awo sama ba, matuƙar ba a bi shi da kofin koko mai suga ko rabin burodi ba. Akwai kwaɗon zogale da na rama da mata ke tallansu, waɗanda muka raina saboda ba a sayar da su a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. Akwai dafaffen ƙwai da gyaɗa, akwai farfesun kifi, akwai balangu da tsire idan aka ce wa mai nama ya cika albasa da tumatir da kabeji, sai dai mai hawan jini ya roƙi a sassauta gishiri da ɗanɗano. Ko nono mutum zai sha, ya sha shi babu suga, da ɗan gutsuren fura maimakon curi uku, kodayake na san wannan magana ba za ta yi wa mutanen Daura daɗi ba. Ɗanwake ne kawai nake taka-tsantsan da shi, saboda masu sayarwa da yawa sun mayar da shi garin rogo da fulawa, sunan waken kaɗai ya rage.

Idan kuma dole sai an zauna a gidan abinci, babu wanda ya ce an haramta tuwo ko shinkafa. Ƙa'idar da ake koya mana mu masu ciwon suga a asibiti mai sauƙi ce: rabin faranti ganye, kashi ɗaya cikin huɗu nama ko kifi ko wake, sauran kashi ɗayan shi ne rabon tuwo ko shinkafa. Abin da gidajen abincinmu suke yi shi ne juya wannan lissafi, su tula shinkafa kamar dutse su ɗora yankan kabeji biyu a kai don ado, alhali ga lambunan Ajiwa nan kusa da mu suna fitar da latas da kabeji duk rani. Ni idan na shiga, ina cewa a ba ni malmala ɗaya ƙarama a ninka mini miyar kuka ko ta kuɓewa, ko a zuba garau-garau waken ya rinjayi shinkafar. Masu cewa ai kuɗinsu suka biya ba za su bar rabi ba, su sa a raba abincin tun kafin su sa hannu, ga almajirai nan a bakin ƙofa.

Waɗanda suka ce da ma kawu ya daure har ya koma gida su ne suka fi ba ni tsoro. Mai allurar insulin, ko mai shan irin ƙwayar nan ta rage suga, glibenclamide, idan ya tsallake abinci sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 70, jiki ya ɗauki rawa, zufa ta karyo, jiri ya kwashe shi, wani ma ya suma a cikin motar haya. A wannan hali ne kaɗai rabin kofin lemo yake zama ceto. Shekara 9 ke nan ina fama da wannan ciwo, na kuma yi jinyar mahaifiyata har ganinta ya tafi a sanadinsa, don haka ba neman suna nake yi da wannan rubutu ba. Masu cewa rai a hannun Allah yake sun yi gaskiya, amma tawakkali bai taɓa hana a ɗaure raƙumi ba, kuma bai mayar da tuwon alkama magani ba.

Tunda ma an taɓo zancen, masu shayi su ma suna da nasu kason. Ka tsaya da safe ka ce a haɗa maka shayi babu suga, mai shayi ya amsa da "an gama, Yallaɓai," ya ajiye gwangwanin sugan gefe, sannan ya narka maka garin cakuleti cokali uku, wanda shi kansa cike yake da suga, ya yanko burodi kamar tubali ya ajiye a gabanka. Wanda nake zuwa wurinsa kusa da tasha sai da na yi wata biyu ina maimaita masa kafin ya gane cewa ganyen shayi da 'yar madara da wainar ƙwai biyu nake nufi, kuma har yau idan yaronsa ne a kan teburin sai na tsaya a kansa ina kallon cokalin.