Sai da ya je Landan ya lura da allon babansa

Ranar kasuwar Argungu na tsaya kallon wani matashi yana zana giwan ruwa a ƙeyar motar katako. Kifin har da walƙiyar ido, kai ka ce yanzu aka tsamo shi daga kogin Matan Fada. Wani dattijo da ke gefena ya taɓe baki ya ce, "Wanga ai wasan yara na, ya tai ya koyi walda." Kowa ya yi dariya, har da ni, Allah Ya yafe mini.

A hanyar Birnin Kebbi na riƙa tuna Ibrahim El-Salahi, mai zane ɗan Sudan. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo ne. Ya tafi Landan koyon zane, ya dawo a 1957 da hannu irin na Turawa, ya baje aikinsa a Khartoum. Mutanen gari suka duba, ba su ga kansu a ciki ba. Sai ya koma yana leƙa ɗakunan talakawa, yana duba abin da suke ratayawa a bango, ya tarar da harafin Larabci da adon da ya taso yana gani tun yana riƙe da tawada. Daga nan hannunsa ya sauya.

A 1975 gwamnatin Numairi ta kulle shi wata 6 a kurkukun Kobar ba shari'a. A can yakan yi zane a guntayen takardar buhun siminti, ya binne a yashi kada masu gadi su gani. Bayan ya fito ya bar ƙasar, ya zauna Katar, daga baya Oxford ta Ingila. To me ya dinga zanawa cikin sanyin Ingila? Itacen da 'yan Sudan ke kira haraza. Gawo ne fa! Gawon nan na gonakinmu, mai kaɗe ganye da damina, ya yi kore shar da rani lokacin da awaki ke neman abin tauna. A 2013 gidan zane na Tate Modern da ke Landan ya baje aikin rayuwarsa, karon farko da ya yi wa ɗan Afirka haka.

Ni abin da ke cina shi ne, sai mutum ya yi nisa da gida idonsa ke buɗewa. Mu da ke zaune, zayyanar allon sauka muna jingine ta bayan ƙofa har gara ta gama da ita. Tawa ma haka ta ƙare. Ƙwaryar da Bafulatana ta sassaƙe da ado, a wajenmu mazubin nono ce kawai. Kwalliyar Dakarkari ranar Uhola a Zuru kuwa, wasunmu da raini suke kallonta, sai ka ce ba jiha ɗaya muke ba. Wanda kewar gida ta kama ba ya tsayawa tambayar wane ne Bakabe, wane ne Bakambare, duka nasa ne. Kuma ba sai an zana mutum ba, ga masu jin nauyin hakan, ai gawo ba shi da fuska.

Matashin nan na tambaye shi ko ya taɓa shiga gidan tarihi na Kanta, da ke nan cikin garin Argungu. Ya ce a'a, ya ɗauka na baƙi ne. Ya goge hannu a wando, ya ci gaba da jelar kifin.