Yadda Na Zagaya Tafki Daga Gaɓa Har Ƙasa

Ɗan ƙanwata ne ya zo da aikin gida kan sassan rayuwa a cikin tafki. Ni kuma, da yake na taɓa cin jarrabawar bayoloji shekara 20 da suka wuce, sai na ce masa ya ajiye littafin mu je ya gani da idonsa.

Da muka isa na naɗe ƙafar wando, na shiga ruwa har ƙauri, na fara lacca. "Ka ga nan? Sashen gaɓa ke nan. Babu zurfi, hasken rana yana kaiwa har ƙasa, shi ya sa bado yake kafa saiwa. Nan ne halittu suka fi yawa: ga talibambam, ga katantanwa, ga 'ya'yan mazari da ke zama a ruwa kafin su yi fiffike."

"Kawu, wannan baƙin abin da ya manne maka fa, shi ma ɗan nan sashen ne?"

Na duba. Matsattsaku ne har biyu, sun lafe a sha-raɓata suna ta kumbura. A yawunsu akwai sinadarin da ke hana jini daskarewa, amma ban samu damar yi masa wannan bayani ba, ihu na kurma. Na daka tsalle, kuma maimakon in yi baya sai na yi gaba.

Ashe taku uku kacal ne tsakanina da inda ƙasa ta zarce. Sai ga ni a sashen tsakiya, inda saiwa ba ta kai ƙasa, sai ƙananan tsirrai da halittu masu yawo waɗanda ido ba ya gani, abincin ƙananan kifaye. Suna nan kuwa, domin na kwankwaɗi kusan kofi biyu nasu. A nan na tabbatar da wani abu kuma: kafaɗata cikin ruwa mai ɗumi, ƙafafuna cikin sanyi ƙalau. Ruwan ɗumi bai kai na sanyi nauyi ba, shi ya sa yake zama a sama.

Sashen duhu, inda haske ba ya kaiwa, sai tafki mai zurfi sosai ake samunsa. Ni dai na ga duhu, ko da yake idona a rufe yake.

Daga nan ƙafata ta taka laka, ta lume har idon sawu. Can ne matattun ganye suke taruwa, ƙwayoyin bakteriya suna ruɓar da su ba tare da iskar oksijin ba. Ina fizgo ƙafar sai kumfa ta taso da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙafa ta fito, takalmi bai fito ba.

Da wani dogon reshe yaron ya jawo ni, yana dariya har da hawaye.

Washegari uwarsa ta turo mini hoton aikin nasa. A ƙarƙashin "mazauna ƙasan tafki" ya rubuta: tsutsotsi, bakteriya, da takalmin Kawu na hagu.