Bokitin 'yan sama jannati

Duk aikin makarantar ɗan yayata ne ya ja min. An ce su rubuta yadda za a kare lafiyar 'yan sama jannati a doguwar tafiya, uwarsa ta turo shi wurina. Na gyara zama na zuba masa bayani: inda babu nauyi ƙashi zaizayewa yake, kusan kashi 1 cikin 100 duk wata, tsoka ta saki, shi ya sa mazauna tashar sararin samaniya ke motsa jiki wajen awa 2 kullum. Dabarar da ake tunani ita ce a riƙa wulwula kumbon, juyin ya manna mutum da bango, bangon ya zame masa ƙasa. Har misalin kumbon Amurka Gemini 11 na kawo masa, wanda aka ɗaure da wani kumbo da igiya mai mita 30 a 1966 suka yi ta juyi.

Yaro ya ce, "Kawu, ban gane ba."

Sai na ɗauko bokiti, na zuba ruwa rabi, na ce kowa ya matsa. Na shiga wulwulawa, bokiti na bi ta saman kaina baki ƙasa, ko ɗigo. Yara suka yi tsit. Wallahi a lokacin ji nake hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta yi asarar ma'aikaci.

Bokitin na tsakar kaina ƙanina ya kwaɗa kira: "Yaya, wayarka!"

Na waiga. Hannu ya sassauta. Jama'a, na ga ruwan nan da idona, ya ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ya sauko gaba ɗaya, ta wuyan riga har cikin takalmi. Bokitin ya biyo baya ya kife min a ka, ina ciki ina jin dariya tana amsa-kuwwa. Da na cire, ga jiri, na yi taku biyu a karkace na zauna daɓas cikin caɓalin.

Kuma wayar ba kira ba ne, caji ne ya cika. Ku ji halin ƙanin nan nawa. Mutumin da ko sunansa ka kira sai ka maimaita kafin ya ɗago, ranar ce ya ga damar kula da wayata. Yanzu rantsuwa yake bai lura da bokitin ba, alhali shi ya ɗauki bidiyon, daga farko ma, kuma hannunsa ko rawa bai yi ba.

Yayata abin da ta fara tambaya shi ne ko bokitinta ya fashe. Yaron kuwa a kan motsa jiki kawai ya yi rubutunsa.