Roba ce, amma ba bokitin wanka ba ce

Masu ta tambayata ko ɓera ne ya ci mariƙin bindigar da na sa hotonta daren jiya, ku huta. Ba ɓera ba ne. Mutum ne da hankalinsa, magidanci, wanda muke sahu ɗaya da shi ranar Juma'a a nan Houston. Ya zauna a garejinsa da ƙarfen narka dalma irin na masu gyaran rediyo, ya bi jikin bindigarsa ƙirar Glock 19 sabuwa fil yana ɗosa mata wuta, ya kawo injin gurza ya rage wajen da ke ƙarƙashin kunama, wai yana ƙara mata ƙarko. Ƙarko fa! Abin da ya fi ƙona min rai, ƙarfen nawa ne. Aro ya zo, ya ce wayar fitilar mota zai liƙe.

Mun je filin koyon harbi ranar Asabar, bai gama gidan harsashi na uku ba sai ga tsaga siririya kamar gashi, daidai wurin da ya gurje. Ya juyo yana ce min, "Malam, ka ga aikin kamfanonin nan ko? Roba ai roba ce." Wallahi sai da na cire abin toshe kunne don in tabbatar da abin da na ji. Kai ka ƙona, kai ka gurje, laifin kuma na kamfani.

Ba a ƙara wa abu ƙarfi ta hanyar rage shi. Wannan ko maginin tukunya ya sani. Ka ɗauki wurin da aka yi wa kauri da gangan, ka kankare shi, ka narkar da fatarsa ta daskare yadda ta ga dama, sannan ka ce ka yi inganci. Garin gyaran gira ka tsokane ido.

Matsalar tana kanmu ne tun daga gida. Mun taso a kan cewa roba kayan talaka ce: buta, bokiti, silifas, kujerar biki da ke karyewa in mai jiki ya zauna. Ƙarfe shi ne kayan arziki. To mutum ya zo Amurka da wannan tunanin, ya ga bindiga mai gangar jikin roba, sai zuciyarsa ta ƙi kwanciya har sai ya "taimaka" mata. Alhali robar ba irin ta bokiti ba ce, dangin nailan ce da aka haɗa don ta jure zafi da sanyi da duka. Kuma wuraren da ke shan wahalar gaske, bututun da harsashi ke bi da murfin saman da ke ja da baya a kowane harbi, duk ƙarfe ne. Har layukan da murfin ke gudu a kai ƙarfe ne da aka dasa cikin robar tun a wajen zubi. Robar tana ɗan lanƙwasawa ta dawo idan aka harba, kuma da haka aka ƙera ta. Wannan lanƙwasar ce ɗan'uwanmu ya ɗauka rauni ne.

Ba jiya aka fara ba. Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ya fitar da VP70 mai jikin roba tun 1970. Gaston Glock, ɗan Ostiriya, sandunan labule da wuƙaƙen soja yake ƙerawa kafin ya taɓa yin bindiga, amma ya san roba ciki da bai, kuma a 1982 sojojin ƙasarsa suka zaɓi Glock 17. Cikin sharuɗɗan gwajin akwai harbi 10,000 ba tare da cijewa fiye da sau 20 ba. Mutumin ya rasu a 2023 yana da shekara 94, bindigarsa tana ƙugun 'yan sanda a ƙasashe da dama. Shekara arba'in da ɗoriya ana gwada abu a dusar ƙanƙara da rairayi, sai kai da ka kalli bidiyon minti goma sha biyu a YouTube za ka gano abin da ya ɓace wa injiniyoyi. Sannu injiniya.

Na san masu cewa ai ƙwararru ma suna yi. Suna yi, ƙwarai. Je ka tambaye su don me. Don mariƙin ya yi kaushi ne, kada ya zame a hannu mai gumi, kuma duk wanda ya yi watan Agusta a Texas ya san gumi ba wasa ba ne. Mai gaskiya a cikinsu ba zai ce maka ya ƙara wa bindigar kwana ba. Kamfanin Glock da kansa ya ji wannan koken: a 2010 ya fitar da ƙira ta huɗu mai mariƙi mai kaushi da bayan da ake canzawa daidai girman hannu, a 2017 kuma ƙira ta biyar ta zo babu gurbin yatsun da wasu ke ƙorafi a kai. In duk bai ishe ka ba, akwai tef mai kaushi na 'yan daloli, ka manna, in ka gaji ka ɓare. Wuta kuwa ba ta da ɓarewa.

Sai masu "kuɗina ne, kayana ne". Kuɗinka ne mana. Ka ƙona, amma kada ka kira shi ƙarko, kada kuma ka zo zauren WhatsApp kana koya wa yaran da suka iso bara. Garanti ya tafi tun ɗigon wuta na farko. Kuma a dokar ƙasar nan wannan robar da ka raina ita ce bindigar. Lambar rajista tana kan ɗan ƙarfen da aka dasa a jikinta, kuma goge lambar ko sauya ta laifi ne a dokar tarayya, ba maganar tarar fakin ba ce. In ka lalata gangar jikin, sabuwa sai ta hannun dillali mai lasisi, da cike takarda da binciken tarihinka, kamar yau ka fara saye.

Mai son bindigarsa ta daɗe, aikin ba shi da daɗin ɗauka a bidiyo, shi ya sa ba a yayinsa. Ka goge ta, ka sa mai kaɗan inda littafin ya ce, ka canza sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke mayar da murfin, idan ya gaji, domin shi ne ke gajiya ba robar ba. Abin da ya fi ƙarfinka ka kai wa mai gyaran da ya koya. Shi ke nan fa.

Bari in ajiye zolaya. Mutumin nan ina ƙaunarsa, kuma na san dalilin da ya sa ya saye ta: an fasa gidan maƙwabcinsa, matarsa ta daina barci. Abin da ka ajiye don daren da ba ka fata, shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka yi gwaji a kansa. Da tsagar nan ta buɗe gaba ɗaya tana hannunsa, yau da wani labarin muke yi, kuma da hannun nan yake ci da iyali. Ni da zai ji tawa, kuɗin da ya kashe a injin gurza da akwatin ƙarfe mai makulli ya saya, don yaransa sun kai shekarun buɗe-buɗe. Ku kuma na gida da ke turo min "Yaya, nawa take?", ku rufa wa kanku asiri. Dokar Texas daban, ta Najeriya daban, a can fistol babu lasisi gidan yari ne.

Ƙarfen nawa dai ya dawo jiya da yamma, bakinsa duk baƙar roba ta daskare, ina jona shi falo ya gauraye da wari kamar ana ƙona taya, uwargida ta kore ni waje da shi. Rediyon da na so gyarawa yana nan a mace.