Rijiyar Cikin Jirgi da Bokiti Mai Tsaga

Gardama ce ta jawo min. Muna kallon fim ni da ɗan yayata, aka nuna gida a ƙasan teku, tsakiyar ɗaki rami a buɗe, ruwa kwance a ciki. Jarumin ya yi kwanaki a gidan, ya faɗa ramin, ya ɓullo saman teku ko tari bai yi ba. Na ce ƙarya ne.

"Kawu, ramin ne ƙarya?"

Na ce ramin gaskiya ne, fitowar ce ƙarya.

Irin wannan rijiya kashi biyu ce. Ta jiragen haƙar mai da na masu nutso rami ne daga bene har ƙasan jirgi, samansa a buɗe, ruwan ciki daidai da na waje, ta nan ake saukar da bututu da injuna. Matsalarta ruwan kan riƙa hawa da sauka idan kaɗawarsa ta dace da ta igiyar teku, shi ya sa ake yi mata bango mai huji-huji don ya rage masa ƙarfi. Ta irin wannan rijiyar jirgin Glomar Explorer na Amurka ya ɗauko wani ɓangare na jirgin ƙarƙashin ruwa na Tarayyar Sobiyat a 1974.

Ta biyu ita ce ta fim ɗin, kamar ta gidan bincike na Aquarius da ke kusa da tsibirin Key Largo a jihar Florida ta Amurka, a zurfin kimanin mita 19. Babu abin da ke tare ruwan sai iska a matse. Duk mita 10 da ka nutse, matsi ya ƙaru da kwatankwacin na iskar da ke kanmu. Wanda ya kwana a can jikinsa ya sha naitirojin, wato wani ɓangare na iskar da muke shaƙa, sai an yi kusan awa 17 ana rage masa matsi kafin ya fito, in ba haka ba jininsa ya yi kumfa.

Yaron ya ce bai yarda iska za ta tare ruwa ba. Na ce ɗauko bokiti.

Kayan aikin: duro mai lita 200 cike da ruwa, bokitin roba mai lita 10, salatif. A kife bokitin, a danna shi a miƙe. A zurfin santimita 60 iskar za ta matse da kashi 6 cikin 100 kawai, wato ruwa ba zai hau ciki fiye da santimita 2 ba. Da na gama lissafin, sai na kunna bidiyo, na manna wayata can ƙuryar bokitin don ta zama shaida.

Lissafin bai yi ƙarya ba. Bokitin ne yake da tsaga a gindi, siririya, wadda ruwan wanki bai taɓa tona asirinta ba. Iska kuwa ba ta raina ƙofa. Ina dannawa sai ga kumfa tana tasowa a jere.

"Kawu, jirginka yana tusa."

Duk iskar da ta fita, ruwa ke maye gurbinta daga ƙasa. Na tuna wayata na saki hannu ɗaya don in toshe tsagar. To, lita 10 ta iska tana turo sama da ƙarfin kilo 10, kuma hannu ɗaya ba ya riƙe ta a daidaice. Bokitin ya karkace, ya amayar da rabin iskarsa, ya zabura da sauran ya same ni a haɓa.

Wayar ta ɗauki duhu, da ƙarar ruwa, da salatina, sannan ta yi shiru. Yaron ya tsaya yana kallona ina ɗiga, ya ce, "Kawu, kai ma sai ka yi awa 17 kafin ka shiga ɗaki?"